Sadaukan takarda: ranar da biyu suka haɗu a shafi guda

Duk wanda ya yi lakkwal a ƙasar nan tsakanin shekarun 1970 da farkon 1990 ya san irin hajar masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, a bakin kasuwar Yamai, ko ta Maraɗi, ko ta Damagaram. Ga littafin lissafi, ga ƙamus wanda bangonsa ya ɓalle, ga tsofaffin jaridun Faransa, sa'an nan can gefe, an danne su da dutse don kada iska ta kwashe, ga ƴan mujallun labari cikin zane, waɗanda ƴan lakkwal ke kira BD. Akwai ƙanana masu shiga aljihu, baƙi da fari, irin su Zembla da Blek da Akim. Akwai kuma manya masu launi, su Strange da Nova da Titans da Spécial Strange, masu ɗauke da labarun sadaukan Amurka: mai tashi sama, mai manne wa bango kamar gizo-gizo, mai jikin dutse, mai jikin wuta. Mujalla guda takan zagaye aji, ta kwana gida goma, ta komo wa mai ita ba bango, in ma ta komo. Mushe kuwa in ya kama ta a tsakiyar kaye, to ta zama tasa har hutu.

Yaran nan su ne a yau manyan ma'aikata da ƴan kasuwa, wasu har sun ajiye aiki suna wasa da jikoki. Da yawansu sun ɗauki wancan karatu a matsayin ƙuruciya wadda ta wuce, alhali kuwa a cikinsa suka saba da karanta Faransanci ba tare da bulala ba. Cikin mujallun, wadda ta fi cancanta a sake buɗewa ita ce Spécial Strange, wadda ta fara fitowa a 1975. Labaru uku take ɗauke da su, kuma babu ko ɗaya na sadauki shi kaɗai. Na farko na ƙungiyar X-Men ne. Na biyu, a kowace fitowa Spider-Man, wanda Faransawa suka fassara da l'Araignée, yakan haɗu da wani baƙon sadauki su yi aiki tare. Na uku, haka nan ake yi da Ben Grimm mai jikin dutse, watau la Chose. Wannan haɗa sadaukai sana'a ce mai zaman kanta, tana da ƙa'idodinta, tana da gwanayenta, tana kuma da ƴan algus.

Daga Liyon suke zuwa

A birnin New York ake rubuta labarun, a can ake zana su, amma ta birnin Liyon na Faransa suke biyowa kafin su iso nan. A can ne kamfanin Lug yake, wanda Marcel Navarro da Auguste Vistel suka kafa a 1950. Shi ne ya sayi izinin fassara labarun kamfanin Marvel. Farkon gwajinsa bai yi armashi ba. Faransa tana da wata doka ta 16 ga Yuli 1949 game da littattafan yara, da hukumar da ke sa ido a kansu. Mujallar Fantask, wadda Lug ya fitar a 1969, ta tsaya bayan fitowa 7 saboda hukumar ta ga tashin hankali ya yi yawa a cikinta. Wata mai suna Marvel ita ma ta tsaya a 1971 bayan fitowa 13. Strange, wadda ta fara a Janairun 1970, ta tsira ne domin kamfanin ya koyi darasi: ya sa ma'aikatansa suna bin shafukan ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa. Sukan shafe layukan da ke nuna ƙarfin naushi, su cire manyan haruffan da ke kwaikwayon ƙarar duka, su tausasa fuskar dodo, wani lokaci su zare shafi sukutum. Saboda haka yaron da ya karanta Strange a Tawa bai ga ainihin abin da mai zanen ya zana ba. Ya ga abin da ya rage bayan almakashin Liyon. Wanda ya taɓa mamakin yadda mutum ke faɗuwa ƙasa ba a ga abin da ya kayar da shi ba, to ga dalilin.

Sunaye ma an taɓa su. Gajeren nan mai faratan ƙarfe da zafin rai, sunansa na asali Wolverine, sunan wata dabba ce ta ƙasashen sanyi wadda Faransawa ke kira da kalmar da ke nufin acici. Wannan ba sunan da za a laƙaba wa jarumi ba ne. Sai Lug ya raɗa masa Serval, sunan wata kyanwar daji ta Afirka mai dogayen ƙafafu da ɗigo-ɗigo a jiki. Haka Storm ta zama Tornade, Nightcrawler ya zama Diablo, Human Torch ya zama la Torche. Har yanzu tsohon mai karatu in ya ga fim ɗin X-Men tare da ƴaƴansa, shi yana cewa Serval, su suna cewa Wolverine, kowa yana ganin ɗayan ne bai sani ba.

Sai an gwabza kafin a gaisa

Tara sadaukai wuri guda tsohuwar dabara ce. A 1940 aka fara ta, a fitowa ta 3 ta mujallar All Star Comics, inda aka kafa ƙungiyar Justice Society. Sai dai a wannan karo zama suka yi kawai a kewayen tebur, kowa ya ba da labarin bajintarsa, kamar tsofaffin mafarauta a dandali. Abin ya canza a 1961, sa'ad da Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Fantastic Four, watau les Quatre Fantastiques. Waɗannan huɗun suna gardama, suna fushi da juna, wani ya yi yaji ya bar gida, a bi shi a ba shi haƙuri. A 1963 aka kafa Avengers, su ne les Vengeurs, kuma tun a fitowa ta biyu Hulk ya fice domin ya gane abokansa ba su yarda da shi ba.

Daga nan aka sami tsarin da kowane mai karatu ya haddace. Sadaukai biyu suna bin sawun mugu guda, kowa bai san da ɗayan ba. Su haɗu a kan rufin wani bene da dare, kowa ya zaci ɗan'uwansa ne ɓarawon, su kaure da faɗa shafi huɗu ko biyar, sa'an nan wani ya faɗi kalmar da ta warware rashin fahimtar, su haɗa kai su nufi mugun. Mujallar Marvel Team-Up ta yi fitowa 150 a kan wannan tsari, daga 1972 zuwa 1985, Marvel Two-in-One kuma ta yi 100, daga 1974 zuwa 1983. Su biyun ne Spécial Strange ke fassarawa.

Mutumin ƙasar nan ba ya bukatar a yi masa bayanin daɗin faɗan farko. A shekarar da Spécial Strange ta fara fitowa, watau 1975, a ita aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, kuma tun daga sa'an nan gardamar ƴan kallo guda ce: in wane ya kama wane, wa zai kai ɗan'uwansa ƙasa? Ita ce gardamar ƴan lakkwal a kan Hulk da la Chose. Bambancin shi ne a filin kokowa dole wani ya taɓa ƙasa kafin a ba da takobi, amma a takarda mai kamfani ba ya son ko ɗaya daga cikin kayansa ya faɗi, don haka yawanci canjaras ake tashi. Gwanintar marubuci tana wurin yadda zai yi canjaras ɗin ba tare da ya raina hankalin mai karatu ba.

Misali mai kyau shi ne na 1976, lokacin da kamfanonin Marvel da DC, kishiyoyin juna, suka yarda a karon farko a haɗa manyan sadaukansu, Superman da Spider-Man, cikin wani ƙaton littafi wanda Gerry Conway ya rubuta, Ross Andru ya zana. Kowa ya san ƙarfin ba ɗaya ba ne. Sai marubucin ya sa mugu Lex Luthor ya harbi Spider-Man da wani haske a ɓoye, wanda ya ƙara masa ƙarfi na ɗan lokaci, har ya yi ta jibgar Superman. Da Superman ya fusata ya ɗaga hannu, sai ya tuna cewa naushinsa kisa ne, ya tsayar da shi kafin ya sauka, amma iskar naushin kaɗai ta yi jifa da Spider-Man nesa. Ya taso ya dawo, ƙarfin aro ya ƙare, ya dinga dukan ƙirjin Superman har ya ji wa hannuwansa ciwo. A shafukan nan kaɗan an nuna halin kowa: ɗaya mai ƙarfi ne mai tsoron ƙarfinsa, ɗaya mai taurin kai ne wanda ba ya sanin ya sha kaye. An yi faɗa, an yi dariya, ba a ƙasƙantar da kowa ba.

Wasan taubasai

Faɗa kaɗai ba ya riƙe mai karatu shekara goma. Abin da ke riƙe shi shi ne zaman da ke tsakanin sadaukan, kuma mafi daɗinsa shi ne na Ben Grimm da Johnny Storm, watau la Chose da la Torche. Ben tsohon matuƙin jirgin sama ne wanda haɗari ya mayar da jikinsa dutse mai ruwan goro, ba ya iya komawa siffar mutane yadda ya so. Johnny kuwa saurayi ne kyakkyawa mai son motoci da ƴan mata, wanda ke kunna wutar jikinsa ya kashe ta yadda ya ga dama. Ba ya barin Ben ya huta: ya ɗana masa tarko, ya ƙona masa kujera, ya yi masa ba'a kan muninsa. Ben ya bi shi da gudu yana farfasa kayan ɗaki. Amma ranar da wani daga waje ya taɓa ɗayansu, sai a ga ɗayan ya fi kowa fusata.

Wanda ya tashi inda Bafillace da Babarbare ke yi wa juna tsiya, ko Bagobiri da Bazabarme, ya san wannan zama tun kafin ya iya karatu. Shi ne wasan taubasai, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014 da sunan Nijar. Zagi ne wanda ba ya ɓata zumunci, har ma shi ke tabbatar da shi. Ba'ar Johnny tana gaya wa Ben abin da tausayi ba zai iya gaya masa ba, watau har yanzu ana ɗaukarsa mutum kamar kowa, wanda za a iya tsokana. Marubutan Amurka ba su san da taubasai ba, amma sun kama bakin zaren.

Shi kuwa Spider-Man bakinsa ba ya mutuwa ko a tsakiyar faɗa, ga wayo, ga talauci, har yakan tuna wa mutum da Gizo na tatsuniya, sai dai shi wannan ba ya cin amana. A fitowar farko ta mujallarsa, a 1963, ya kutsa gidan Fantastic Four, ya kama faɗa da su huɗun don ya nuna musu gwanintarsa, da fatan su ɗauke shi aiki. Da ƙura ta lafa ya tambayi nawa ne albashi, suka ce su ba sa biyan albashi, sai ya fita ta taga ya yi tafiyarsa. Ma'aikacin gwamnatin da ya ga shekarun 1990 a ƙasar nan, lokacin da ake yin wata da watanni ana jiran albashi, zai karanta wannan shafi da wata irin dariya wadda yaron Amurka bai san da ita ba. Su ma Fantastic Four ɗin, a fitowa ta 9, a 1962, karyewa suka yi: shugabansu, masanin da ya san sirrin taurari, ya zuba dukiyarsu a kasuwar hannun jari ta nutse, aka kore su daga gidan haya.

Ba kullum rahar ke zuwa da ƙara ba. Fitowar farko ta Marvel Team-Up, a 1972, ta haɗa Spider-Man da la Torche a daren jajibirin Kirsimeti suna farautar Sandman, mugun nan mai jikin rairayi. Da suka cim masa, sai suka tarar ashe mahaifiyarsa marar lafiya ya zo gaisarwa, ita kuwa ba ta san ɗanta ɗan ta'adda ne ba. Suka ba shi lokaci ya shiga, har Spider-Man ya miƙa masa kyautar da ya saya wa budurwarsa don kada ya shiga hannu sake. Ya sulale ya tsere, ba su kuma ji haushi sosai ba. Shekara goma bayan haka, a fitowa ta 86 ta Marvel Two-in-One, Ben Grimm ya tarar da Sandman ɗin nan a wata mashaya, ya shiga da shirin faɗa, ya iske mutum ya gaji da rayuwarsa. Suka zauna, Sandman ya ba shi tarihinsa, Ben ya tashi ya tafi bai kama shi ba. Daga nan Sandman ya yi shekaru yana ƙoƙarin shiryuwa.

A gefen DC, waɗanda suka kai raha ƙarshe su ne Keith Giffen da J. M. DeMatteis da mai zane Kevin Maguire, da suka karɓi Justice League a 1987. Ba a ba su yawancin manyan sadaukan ba, sai Batman da tarkacen waɗanda ba a sani ba sosai. Sai suka mayar da ƙungiyar tamkar ma'aikata: akwai mai girman kai, akwai malalaci, akwai masu neman kuɗi ta kowace hanya, akwai dattijon da ke haƙuri da kowa. A fitowa ta 5, Guy Gardner, mai bakin tsiya wanda ke ganin shi ya cancanci shugabanci, ya cire zoben da ke ba shi ƙarfi ya ce Batman ya fito su gwada. Naushi guda Batman ya yi masa ya faɗi sumamme. Faɗan bai wuce gidan zane ɗaya ba. Sauran shafin na fuskokin ƴan kallo ne, Blue Beetle yana dariya har yana neman faɗuwa, Black Canary kuma da ta shigo a makare tana baƙin cikin abin ya wuce ta. Wata fitowar gaba ɗayanta labarin ƙaura ce zuwa sababbin ofisoshi, inda ɗayansu ya sauke jirgin ƙungiya a kan rufin da bai iya ɗaukarsa ba. Daga baya Blue Beetle da Booster Gold suka kwashe kuɗin baitulmalin ƙungiya suka buɗe gidan caca a wani tsibiri. Ba sai an faɗa wa mai karatu yadda cinikin ya ƙare ba.

Hannun mai zane

Duk wannan ba ya tsayawa sai da hannun da ya iya. A tsarin Marvel na shekarun 1960, marubuci yakan ba mai zane labarin a taƙaice, wani lokaci da baki kawai, mai zane ya tsara shafukan dukansu, sa'an nan marubuci ya zo ya cika maganganu. Ke nan rabin labarin, ko fiye, na mai zane ne. Wannan ya jawo doguwar jayayya kan haƙƙin Jack Kirby, wanda ya rasu a 1994. Sai a 2014 iyalansa suka sasanta da kamfanin.

Zana mutum guda yana faɗa abu ne mai sauƙi a kan zana bakwai. Dole mai karatu ya gane, da kallo ɗaya, wa ke ina, wa ya bugi wa, ta wace hanya ido zai bi daga gidan zane zuwa na gaba. Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gaban mai sayarwa kafin ya fitar da kuɗinsa: ya buɗe tsakiyar littafin, ya ƙi karanta maganganun, ya bi zanen kaɗai. In ya gane abin da ke faruwa, ya kuma gane wa ke fushi, wa ke tsoro, wa ke ba'a, to mai zanen gwani ne. In kuwa ya ga tarin ƙwanji da haƙora da walƙiya, kowa da fuska iri ɗaya, to a mayar da shi inda aka ɗauko.

Kirby gwanin ƙarfi ne. Mutanensa kamar za su fasa takarda su fito. John Byrne, wanda ya zana X-Men daga 1977 zuwa 1981 tare da marubuci Chris Claremont, gwanin tsabta ne da tsari, kuma shafukansa ne suka sa Spécial Strange ta yi tashe. A hannunsa da na Dave Cockrum da ya gabace shi aka ga yadda baiwar wani ke cika ta wani: ƙato Colossus mai jikin ƙarfe ya ɗauki gajere Serval ya wurga shi kan abokin gaba kamar dutsen majajjawa. Maguire kuwa fuska ce fagensa, ɗage gira da taɓe baki da kallon raini, abin da ya sa rahar Justice League ke aiki ko an rufe maganganun. George Pérez shi ne sarkin taro: yana iya cusa mutum hamsin a shafi, kowa da abin da yake yi, kowa da tsayuwarsa.

Kasuwa ce fa

Kada daɗin labari ya mantar da mutum cewa haja ce. Kowane ɗan kasuwa ya san dabarar haɗa kayan da ke tafiya da waɗanda suka kwanta, a ce sai dai a saya tare. Haka Marvel Team-Up take: sunan Spider-Man ke jawo mai saye, baƙon kuwa sau da yawa sadauki ne wanda mujallarsa ba ta ciniki, ko sabo da ake son a gwada. Cikin fitowa 150 ɗin akwai da dama waɗanda ba su da wani dalilin haɗuwa sai wannan, an yi faɗan rashin fahimta, an kama mugu, an rabu, ba abin da ya saura a rai. A 1984 aka fito da Secret Wars, fitowa 12, inda aka kwashe sadaukai da miyagu aka zuba su a wata duniya don su gwabza. Asalin aikin yarjejeniya ce da kamfanin Mattel mai ƙera kayan wasan yara, kuma ana jin ƙamshin hakan a cikinsa, ko da yake ya yi kasuwa ƙwarai.

Farkon shekarun 1990 abin ya zama haɗama. A 1991 aka buga sabuwar X-Men lamba 1 da bango iri biyar, aka sayar da kusan miliyan 8, mutane suna saye da yawa suna ɓoyewa da zaton za su yi tsada nan gaba. Abin da kowa ya ɓoye kuwa ba ya tsada. Kasuwar ta faɗi, kantuna da yawa suka rufe, a Disamban 1996 kamfanin Marvel da kansa ya je kotu ya bayyana karyewarsa.

Akwai kuma wani abin da mai karatu na nan ya kamata ya lura da shi, watau yadda ake nuna Afirka. A cikin Zembla, sarkin daji Bature ne, ɗan Afirkan da ke tare da shi kuwa, Yéyé, ɗan ƙaramin abin dariya ne mai hular soja da ƙaton agogo rataye a wuya. A mujallun Marvel an ɗan ci gaba. Black Panther, sarkin ƙasar Wakanda ta ƙage, ya fara bayyana a 1966, kuma shigowarsa ta farko gayyatar Fantastic Four ya yi zuwa ƙasarsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kayarwa don ya auna kansa. A 1975 Len Wein da Dave Cockrum suka sake gina X-Men da mutanen ƙasashe daban-daban, Bajamushe da ɗan Rasha da ɗan Kanada da sauransu, cikinsu har da Ororo, watau Tornade, ɗiyar wata gimbiyar Kenya, wadda ta tashi marainiya tana yankan aljihu a titunan Alƙahira. Afirkar da aka zana mata ta mafarkin Turawa ce, har da ƙauyawa masu yi mata sujada don tana saukar da ruwa. Amma a 1980 ita ta zama shugabar ƙungiyar, kuma a 1986, bayan ta rasa baiwarta, ta kara da Cyclope kan shugabancin ta ci shi da dabara kawai. Ƴan mata ƙalilan da ke aron mujallun yayyensu a wancan zamani ba su da wata kamarta a sauran littattafan zane da ke isowa.

Abin da ya biyo baya

A 1989 kamfanin Semic ya saye Lug. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ake bugawa a Faransa ya ninka kuɗi dare ɗaya. Magidancin da ke fama da kuɗin hatsi ba zai ba da jaka guda ko biyu don mujallar zane ba. Bayan ƴan shekaru izinin fassara Marvel ya koma hannun kamfanin Panini, Strange kuma ta daina fitowa a 1998. Sadaukan sun dawo ta wata ƙofa: kamfanin Disney ya sayi Marvel a 2009 kan dala wajen biliyan 4, fim ɗin Avengers ya fito a 2012, na Black Panther a 2018, yara suna kallonsu a wayar hannu. Finafinan sun ɗauki tsarin nan dai, faɗan rashin fahimta da ba'a tsakanin abokai, sai dai fim shi ke ja da mai kallo da saurinsa, ba ya barin yaro ya tsaya kan fuska guda, ko ya koma baya ya nemi ma'anar kalma. Uban da ke ƙorafin ɗansa ba ya karatu, in ya ci karo da tsohuwar Spécial Strange a kan shimfiɗa, ya san abin da ta yi masa shi kansa.

Haɗuwar da masu karatu suka fi daɗewa suna jira ita ce ta manyan ƙungiyoyin biyu, Justice League ta DC da Avengers ta Marvel. An fara shirinta tun farkon shekarun 1980, George Pérez har ya zana shafi 21, sai shugabannin kamfanonin suka saɓa, aka ajiye aikin. Shekara ashirin bayan haka aka sake kiransa, tare da marubuci Kurt Busiek, littafin ya fito kashi 4 tsakanin 2003 da 2004. A bangon kashi na uku Pérez ya zana sadaukai fiye da 200, duk wanda ya taɓa zama ɗan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin. A ciki an yi faɗan da aka saba, Superman ya kara da Thor, kowa ya sami abokin gwabzawarsa. Batman da Captain America su ma sun fuskanci juna, suka ɗan gwada hannu kaɗan, kowa ya auna ɗan'uwansa, sai suka tsaya, suka bar sauran suna ta fama, suka tafi tare neman wanda ya haɗa faɗan. Littafin ya yi shekaru ba a sake buga shi ba saboda kamfanonin biyu ba su daidaita ba. Sai a farkon 2022, da aka san Pérez yana ciwon ajali, suka yarda aka buga guda 7,000 don girmama shi. Ya ga fitowarsu, ya rasu a watan Mayu na wannan shekara.